Amsoshin Tambayoyinku: Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Digirin Ilimin Taurari

Wasiƙun wannan makon duk daga Amurka suka zo, kuma duk magana ɗaya suke zagayawa: yaran da suka fara karatu a kwalejin al'umma, wato kwalejojin nan na shekara biyu masu sauƙin kuɗi, suna so su koma jami'a su ƙarasa digiri a ilimin taurari. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, na gama shekarata ta farko a kwalejin al'umma. Na ɗauki darasin gabatarwa kan taurari, na ci shi da maki mafi girma, tun daga nan ba abin da nake so sai shi. A lissafi kuwa yanzu zan shiga ajin share fagen kalkulas. Ina so in koma jami'a baɗi, in gama cikin shekara biyu. Waɗanne darussan taurari zan ƙara kafin in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ƙara ko ɗaya. Na san ba haka kika so ji ba, amma darasin nan da kika ci, yawancin jami'o'i ba sa lissafa shi cikin darussan digirin taurari. An tsara shi ne don masu karanta kasuwanci da tarihi da makamantansu, su ɗan lasa kimiyya kafin su fita. Za a karɓe shi a matsayin ilimin gama-gari, ba zai tafi a banza ba, sai dai ba zai matsar da ke zuwa ajin da kike hari ba.

Idan aka buɗe cikin digirin taurari, fiziks ne da lissafi, sai 'yan darussan taurari da ake ɗorawa a shekara biyun ƙarshe. Su kuwa darussan lissafi da na fiziks a jere suke, kowanne sharaɗi ne na shiga wanda ke gabansa. Sai an ci share fage ake shiga kalkulas na ɗaya. Sai an ci na ɗaya ake shiga na biyu, kuma a nan ne yawancin kwalejoji ke barin ɗalibi ya fara fiziks na ɗaya, mai magana kan motsi da ƙarfi. Zango na gaba kalkulas na uku ne da fiziks na biyu, na lantarki da maganaɗisu. Bayan nan sai lissafin difarenshiyal, da aljabrar liniya, da fiziks na zamani inda ake fara taɓa kwantam da ka'idojin Einstein. Ki ƙirga da yatsunki: daga inda kike, zango 5 ke nan, shekara biyu da rabi, kafin ki cancanci zama a ajin shekara ta uku na wannan fanni. Ƙwazo ba ya gajarta wannan jere, kuɗi ma haka. Abu ɗaya ke rage shi, gajeren zangon bazara na Yuni da Yuli. Shi ma ki zaɓi abin da za ki saka a cikinsa. Share fagen kalkulas ko aljabrar liniya suna shiga bazara lafiya. Kalkulas na biyu kuwa, wanda shi ne ya fi kayar da ɗalibai, ban ba ki shawarar ki cusa shi cikin mako 6 ba, musamman idan kina aiki da rana.

Akwai wani rami da yara da yawa ke faɗawa. Fiziks na farko iri biyu ne, kuma sunayensu a kundin makaranta kusan ɗaya suke. Ɗaya ana koyar da shi da aljabra kawai, don masu harin aikin jinya da likitanci. Ɗayan da kalkulas ake yin sa. Naki shi ne na biyun. Ki duba sharuɗɗan shiga ajin: in ba ki ga kalkulas a ciki ba, ba ajinki ba ne, kuma duk makin da kika ci a cikinsa sai kin sake darasin daga farko a jami'a.

To me zai faru idan kika tafi baɗi kamar yadda kika tsara? Za ki iya isa da kiredit 60 cif (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga darussan da aka ci da shi), a rubuta ki 'yar shekara ta uku a takarda, amma ki zauna aji ɗaya da 'yan shekarar farko kina biyan kuɗin jami'a a kan darasin da kwalejinki ke koyarwa da arha. A cikin tsarin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York da kwalejojin al'umma na Bronx ke ƙarƙashinta, kuɗin mazaunin New York a 'yan shekarun nan dala 4,800 ne a shekara a kwalejin shekara biyu, dala 6,930 a ta shekara huɗu. In kuma jami'ar kuɗi kika nufa, tazarar ta ninka haka sau da yawa. Sannan tallafin Pell na gwamnatin tarayya yana da iyaka: zango 12 na cikakken karatu a duk tsawon rayuwa. Duk zangon da kika cika da darussan da ba za su shiga digirinki ba, daga cikin 12 ɗin nan ya fita.

Tunda a CUNY kike, kina da kayan aiki masu kyau. Tun 2013 tsarin Pathways ya sa kiredit 30 na ilimin gama-gari suna bin ɗalibi duk kwalejin CUNY da ya koma. Shafinsu na Transfer Explorer zai nuna miki yadda kowane darasi naki zai zama idan kika koma City College ko Hunter. Idan kwalejinki ba ta buɗe fiziks na zamani a zangon da kike buƙata ba, wanda yakan faru saboda ƙarancin masu rajista, akwai izinin ePermit da zai ba ki damar ɗaukarsa a wata kwalejin CUNY kina nan a taki. Ki kuma nemi labarin AstroCom NYC, shirin da ke haɗa ɗaliban CUNY da masu binciken taurari na gidan tarihin halittu da ke Manhattan. Idan digiri mai ɗauke da sunan taurari kike so a jami'ar gwamnati, Stony Brook tana yi.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki raina shi: ki ajiye manhajar kowane darasin lissafi da fiziks da kika yi, da sunan littafin da babin da aka kai. Ofishin karɓar ɗalibai ne ke cewa an karɓi kiredit ɗinki, amma sashen fiziks ne ke cewa ya wadatar ko bai wadatar ba. Ki rubuta wa mai ba ɗalibai shawara a sashen tun yanzu, ki sami amsarsa a rubuce.

Tambaya: Na sami gurbi a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, zan fara a Satumba. Na gama kalkulas uku da fiziks duka a kwalejina. Ina so in ɗauki darussa 4 masu nauyi a zangon farko don in cim ma waɗanda suka riga ni. Kuma ina ruwan ido tsakanin fiziks zalla da reshen taurari. Burina digirin digirgir.

Amsa: Barka, ɗana, ka faɗa gida mai kyau. Santa Cruz ce hedikwatar cibiyar da ke kula da ɗakin duban taurari na Lick, wanda aka buɗe a kan Dutsen Hamilton a 1888, kuma Jami'ar Kalifoniya na cikin masu mallakar manyan maduban Keck da ke Hawai. Malaman da za su koyar da kai da bayanan waɗannan wurare suke aiki.

Amma darussa 4 a zangon farko, a'a. Yawancin kwalejojin al'umma na Kalifoniya zangonsu kusan mako 15 ne ko 16. Santa Cruz, kamar sauran rassan jami'ar ban da Berkeley da Merced, zangonta mako 10 ne. Kafin ka gama gane inda ɗakin karatu yake, jarrabawar tsakiyar zango ta iso. A can darussa 3 masu kiredit biyar-biyar su ne cikakken kaya. Ka ɗauki biyu masu nauyi da ɗaya mai sauƙi, kuma cikin masu nauyin ka sa darasin dabarun lissafi na masu fiziks, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Makin waɗanda suka taso daga kwaleji yakan ɗan yi ƙasa a zangon farko sannan ya farfaɗo. Sanannen abu ne, kada ka ƙara masa nauyi da hannunka.

Abin da ya kamata ya hana ka barci ba yawan darussa ba ne, kalanda ce. Ana rufe karɓar takardun neman digirin digirgir ne a wajen Disamba na shekararka ta ƙarshe. Wato daga ranar da ka sauka zuwa ranar da za ka miƙa takardu, wata 15 ne kacal, kuma bazara ɗaya ce tak a ciki. A wannan ɗan lokacin ake so ka sami malamai 3 da suka san ka har za su rubuta maka wasiƙar shaida, kuma aƙalla ɗaya daga cikinsu ya zama ya ga hannunka a bincike, ba a jarrabawa kawai ba. Abokan ajinka da suka fara daga shekarar farko sun riga ka da shekara biyu a sanin waɗannan malamai. A nan giɓinka yake, ba a kiredit ba.

Saboda haka tun zangon farko ka fara ƙwanƙwasa ƙofofi. Mu an tarbiyyantar da mu kada yaro ya tunkari babba da buƙata kai tsaye. A nan ka ajiye wannan kunyar a bakin ƙofa, domin malamin da ba ka tambaya ba zai ɗauka ba ka so ne. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa: ga ni, daga kwaleji na taso, ga darussan da na gama, na iya Python (harshen rubuta manhajar kwamfuta) gwargwado, na karanta taƙaitaccen bayanin aikinka kan kaza, ina da awa kaza a mako. Wasu ba za su amsa ba. Ka tura wa na gaba, ka kuma riƙa zuwa taron ƙara wa juna sani na sashen ko da rabin maganar na wuce ka. Ɗaliban digirin digirgir da ke zama a bayan ɗaki su suka san malamin da ke neman hannu. A hutun Disamba kuma ka zauna ka cika takardun REU, shirin binciken bazara na kusan mako 10 da hukumar kimiyya ta NSF ke ɗaukar nauyinsa, ana ba da alawus da wurin kwana. Yawancinsu a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu suke rufewa.

Batun fiziks ko taurari bai kai yadda ka ɗauke shi ba. Masu tantancewa abu huɗu suke nema a takardar sakamakonka: makaniks na manyan aji, lantarki da maganaɗisu, kwantam, da ilimin zafi na ƙididdiga. Wanda ya yi waɗannan da kyau an yafe masa rashin darasin taurari ɗaya ko biyu. Wanda ya cika takardarsa da darussan taurari ya tsallake kwantam, shi ne ke shan wuya. A Santa Cruz reshen taurarin a cikin digirin fiziks yake, don haka ka ɗauke shi ba fargaba. Sai dai ka ɗauko kundin darussa, ka fara daga zangon da kake so ka gama, ka yi ta ja da baya har zuwa Satumba. Wasu darussan sau ɗaya ake buɗe su a shekara. In ka kuskure ɗaya, shi da duk wanda ya dogara da shi sun koma baɗi.

In lissafin ya ƙi fita a shekara biyu, ka ƙara zango, ko ka gama ka yi shekara guda kana bincike kafin ka nemi digirgir. Mutane da yawa haka suka yi. Akwai ma shirye-shiryen da aka kafa don irin wannan tsallake, kamar na haɗin gwiwar jami'o'in Fisk da Vanderbilt a Nashville, inda ake fara digiri na biyu a zarce zuwa na uku. Kuɗin irin waɗannan shirye-shirye yana hawa yana sauka, sai ka tambaya ko suna ɗauka a shekarar da kake so.

Tambaya: Kawuna ya ba ni dala 1,200 gudummawar komawa jami'a. In sayi madubin hangen taurari ne ko kwamfuta?

Amsa: Kwamfuta, ba ja. Babu darasin da zai ce ka zo da madubinka, jami'a na da nata. Mai binciken taurari na yau yininsa a gaban allo yake, yana rubuta Python yana tace bayanan da na'urori suka kwaso: na tauraron ɗan'adam Gaia da Turai ta harba a 2013, na TESS na 2018, na James Webb da ya tashi ranar 25 ga Disamba 2021. Yawancin waɗannan bayanai a buɗe suke ga kowa a intanet, kyauta.

Ka nemi laftof mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 16, da ma'ajiya 512, da batir mai ƙarko. Mac ko Linux sun fi sauƙin sha'ani domin manhajojin fannin a kansu aka fi gina su, amma Windows ma tana yi idan ka kunna mata WSL, wanda ke ba ta damar gudanar da Linux a cikinta. Chromebook kam ka bar shi a shago. Kada mai shago ya tallata maka kwamfutar wasanni mai tsada da nauyi. Duk lissafin da ya fi ƙarfin laftof, a manyan kwamfutocin jami'a ake yin sa. Wadda kamfani ya gyara ya sake sayarwa da garanti ta ishe ka, kuma ka tambayi rangwamen ɗalibai kafin ka biya.

Canjin da ya rage, ka riƙe shi don littattafan manyan aji, waɗanda za ka yi ta komawa gare su shekaru. Tsohon bugu na hannu yakan wadatar idan malami ya yarda. Na ƙananan aji kuwa, OpenStax ta Jami'ar Rice na da na kalkulas da fiziks da taurari kyauta. Kalkuleta mai zana jadawali ma kada ka saya sai ka ji daga malami, domin wasu ba sa barin a shiga jarrabawa da ita.

In kuma zuciyarka ta nace sai ta ga sama da ido, kuma ban ga laifinta ba, tabaron hangen nesa mai ido biyu na 10x50 zai nuna maka ramukan wata, da Kaza da 'Ya'yanta fiye da yadda ka taɓa ganinsu, har da watannin Jupita idan ka jingina hannunka da bango. Ka sauke Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, kyauta ce. Ɗakunan karatu na gari da yawa a Amurka suna ba da aron ƙaramin madubi kamar yadda suke ba da littafi.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne a Ohayo. 'Yata na kwalejin Columbus State, ta ce taurari za ta karanta a Ohio State. Na so ta yi aikin jinya. Wane aiki ake samu da wannan karatu? Kuma ba na son ta ci bashi mai ruwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan sa mata zuma ba. Digirin farko kaɗai ba ya mai da mutum masanin taurari. Sai an ƙara shekara 5 ko 6 na digirgir, sannan wasu shekaru na aikin wucin gadi daga wannan jami'a zuwa waccan, kuma kujerun dindindin kaɗan ne. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka, wadda aka kafa a 1899, membobinta ba su kai 10,000 ba. Jinya ta fi saurin kawo albashi, wannan ba gardama.

Ga ɗaya gefen kuma. A digirgir na wannan fanni a Amurka ba ɗalibi ke biya ba. Jami'a ke yafe kuɗin makaranta ta kuma ba shi alawus na wata-wata a kan koyarwa ko bincike. Duk inda aka ce ta biya da aljihunta, ba wurin zuwa ba ne. Sannan wadda ta fito da fiziks da lissafi da iya rubuta manhaja ba ta rasa abin yi: nazarin bayanai a kamfanoni, rubuta manhaja, koyarwa a sakandare inda kullum ake neman malaman fiziks, ko ta ƙaro karatu ta zama mai kula da na'urorin haska marasa lafiya da na gashin ciwon daji a asibiti. Sashen taurari na Ohio State kuwa yana cikin waɗanda ake ji da su a ƙasar.

Shawarata, ka ba ta sharaɗin da zai amfane ku duka: ta gama kalkulas da fiziks mai kalkulas a inda take, da maki mai kyau, ta kuma haɗa da darasin kwamfuta. Waɗannan su ne ƙofar injiniyanci ma, don haka ko ta sauya ra'ayi ba a yi asara ba. In ta ci su tana murna, ka sa mata albarka. In sun gagare ta, ita da kanta za ta faɗa maka, kuma an gane hakan da kuɗin kwaleji, ba na jami'a ba.

Batun bashi: ta cika FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, da wuri kowace shekara, domin ta nan ake samun Pell, wanda ya kai dala 7,395 a shekara ga mai cikakkiyar buƙata, kuma ba a biyan sa. Ta shiga ƙungiyar Phi Theta Kappa idan makinta ya kai, jami'o'i da yawa na ware wa membobinta tallafi. Ta kuma gwada gidauniyar Jack Kent Cooke, wadda ke ba masu tasowa daga kwalejin al'umma har dala 55,000 a shekara, ko da yake gasar da zafi. Takardar tallafin da jami'a za ta aiko takan haɗa kyauta da bashi a shafi ɗaya. Ku zauna ku karanta layi-layi, kuna da ikon karɓar kyautar ku ƙi bashin. Zamanta a gida tana zuwa makaranta daga nan ma ya rage kaso mai tsoka.

Tambaya: Daga Maraɗi na zo da bizar karatu, ina wata kwaleji a Teksas. An ce REU ba na irinmu ba ne. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena. Kuɗin REU na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. Amma ba shi kaɗai ne hanya ba. Malami na iya ɗaukarka da kuɗin sashensa, ko ka yi binciken a matsayin darasi mai kiredit, kuma bizarka ta yarda ka yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu. Don haka kai, fiye da kowa, ka zaɓi jami'ar da malamanta ke bincike a cikin gida, kamar ta Teksas da ke Austin mai ɗakin duban taurari na McDonald, maimakon wadda za ta ce ka nemi bincike a waje. Teksas na da tsarin lambobin darussa na bai-ɗaya tsakanin kwalejoji da jami'o'inta. Ka yi amfani da shi wajen zaɓen darussanka.

Ka kula da ƙa'idar kiredit 12 a kowane zango, wadda takan tilasta maka cike gurbi; ka cike da kwamfuta ko ƙididdiga, ba da abin da ya zo hannu ba. Ka fara maganar mayar da takardarka ta I-20, wadda makaranta ke ba mai bizar karatu, zuwa sabuwar jami'a tun kafin ka gama zangon ƙarshe. Fiziks da taurari duk suna cikin fannonin da ake ƙara wa wata 24 a kan wata 12 na izinin aiki bayan kammalawa. Akwai shirye-shiryen bazara a waje da ba sa duba fasfo, kamar na Leiden a Holan, amma dokokin shiga Amurka na yawan sauyawa ga ƙasashenmu, don haka kada ka sayi tikitin fita sai ka zauna da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka sun duba takardunka ɗaya bayan ɗaya.